Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu Da Yara Zuwa Wurin Da Ba a Cika Zuwa Ba

Mun taɓa kai yaranmu uku irin garin nan da hotonsa ya cika Instagram, kuma wallahi abin da autanmu ya gani a kwana huɗu bai wuce bayan mutane da jakunkunansu ba, don tsayinsa iya nan ya tsaya. Layi a ƙofar shiga, layi a wurin abinci, layi har a banɗaki, yaro yana kuka kai kana riƙe da hannunsa gam don kar cunkoso ya tafi da shi. Su kansu masu irin waɗannan garuruwa sun gaji, shi ya sa Venis ta Italiya ta fara karɓar kuɗin shiga a wasu ranaku daga masu zuwa yini ɗaya tun 2024. Daga wannan tafiyar muka koma neman wuraren da ba kowa, inda yaro zai yi gudu ya faɗi ya tashi ba tare da ya bangaji wani ba.

Amma fa akwai abin da nake so ku riƙe tun daga nan: wurin da baƙi ba sa yawan zuwa, ba wanda ya gyara shi saboda yaranku. A garin da ya saba da baƙi za ku samu kujerar yaro a gidan abinci, kemis a buɗe tsakar dare, da wani mai jin yarenku a kanta. A can duk babu. Abin da ya kamata garin ya tanadar muku, ku za ku taho da shi, wani a cikin jaka wani a cikin kai. Ga yadda muke yi.

Na farko, zaɓen wurin

Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce a nemo maƙwabcin sanannen wuri. Ba sai kun tafi inda mota ba ta zuwa ba. A Slobeniya kowa tafkin Bled yake nufa, amma tafkin Bohinj da ke cikin gandun Triglav bai kai awa ɗaya a mota daga can ba, ya fi Bled girma, mutane kuma sun fi ƙaranci. Kun ga kenan kun samu shirun da kuke so, kuma hanya mai kyau da asibiti da filin jirgi ba su yi muku nisa ba. Kusan kowace ƙasa tana da irin wannan, sai dai a buɗe taswira a duba me ke gefen abin da ake ta ɗauka a hoto.

In kun samu sunaye biyu ko uku, sai ku yi wa kowanne tambayoyi. Asibitin da ke duba yara awa nawa ne daga masauki? Ni dai in ya wuce awa ɗaya da rabi kuma muna da ɗan ƙasa da shekara 5, na haƙura da wurin komai kyansa. Sannan ku duba awa nawa ake yi a hanya, kar ku duba kilomita kawai, don kilomita 80 a hanyar dutse mai kwana-kwana tana iya cin awa uku, kuma a irin wannan hanyar ne yara ke amai.

Tsayin wurin daga teku ma a duba, mutane da yawa ba sa tunawa da shi. Daga mita 2,500 zuwa sama iska tana raguwa, mutum yana iya kamuwa da ciwon kai da jiri da rashin barci, ƙaramin yaro kuwa bai iya cewa kaina ke ciwo ba, sai dai ku ga rigima da ƙin cin abinci. A Kirgizistan misali tafkin Issyk-Kul yana wajen mita 1,600, wannan babu damuwa, amma Song-Kul ya haura mita 3,000, ƙasa ɗaya ce amma ba lissafi ɗaya ba ne ga jariri.

Sai lokaci. Wurin da ba kowa a wani wata yana iya cika maƙil a wani. Salala ta Oman shiru take yawancin shekara, amma daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, lokacin da yayyafi da hazo ke mayar da duwatsunta kore, mutanen ƙasashen yankin suna kwararowa, kuma a daidai lokacin teku yana da haɗari ba a shiga wanka. Kar a manta kuma a kudancin duniya, irin su Ajantina ko Afirka ta Kudu, Yuni zuwa Agusta lokacin sanyi ne. Daga ƙarshe ku karanta shawarar tafiye-tafiye da ma'aikatun harkokin waje ke wallafawa a kan ƙasar, don wani wurin rashin tsaro ne ya sa ba a zuwa, ba wai ba a gano shi ba ne.

Na biyu, takardu

Wannan a fara shi wata uku kafin tafiya in ƙetare za a fita. Kowane yaro da fasfonsa, har jariri, kuma fasfon yara a ƙasashe da yawa ya fi na manya saurin ƙarewa, don haka a ɗauko a duba kwanan wata da ido, kar a ce ai bara aka yi. Ƙasashe da dama suna so ya rage aƙalla wata 6. Biza ma kowane yaro da tasa. In uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da su, a tafi da takardar amincewar ɗayan da sa hannu, da takardar haihuwar kowane yaro, musamman in sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba, don jami'an iyaka suna tambaya kuma suna da gaskiya. A ɗauki hoton duk takardun a waya, a kuma buga kwafi a takarda a sa a wata jaka daban.

Inshora kuma a karanta abin da ke ciki. Abin da ake nema shi ne ta ɗauki nauyin kwashe mara lafiya zuwa babban asibiti ko mayar da shi gida, don a wuri mai nisa wannan shi ne abin da ke cin dukiya, ba kuɗin ganin likita ba.

Na uku, ganin likita

Sati 4 zuwa 6 kafin tafiya ku je da katin rigakafin kowane yaro, ku faɗa wa likita ainihin yankin da za ku, ba sunan ƙasa kawai ba. Zai duba ko rigakafin ƙyanda da sauran na yau da kullum sun cika. In ƙasar tana neman katin rigakafin ciwon shawara (yellow fever), ku sani katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ana yi wa yaro daga wata 9, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In yankin akwai maleriya likita ne zai zaɓi maganin kariya, da nauyin yaro ake auna shi, kuma akwai wanda ba a ba ƙanana sam, don haka kar a raba na manya biyu a ce ya yi.

Jakar magani ita ce jakar da na fi ba muhimmanci a duk kayanmu, kuma ba ta shiga akwatin da ake aunawa, a hannuna take. A ciki akwai farasitamol na yara da sirinjin aunawa, na'urar auna zafin jiki, ƙunshin ORS (garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa) da yawa, zinki, filasta da bandeji, maganin wanke ciwo, man ƙaiƙayi, maganin korar sauro na shafawa, da duk maganin da wani yaro ke sha kullum kamar na asma, da ƙarin na sati ɗaya da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin don sunan kamfani yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Asfirin ba na yara ba ne. Maganin tsayar da gudawa na manya ma ba a ba ƙaramin yaro. Man sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba, shi gidan sauro ne nasa.

Dalilin da ya sa nake nanata ORS, wata tafiya 'yarmu ta tsakiya ta tashi da gudawa da amai wajen ƙarfe biyu na dare, kemis ɗaya ne a ƙauyen kuma sai safe yake buɗewa, sai na tuna na bar ƙunshin a gida. Na tsaya a kicin ɗin masaukin da fitilar waya na tafasa ruwa lita ɗaya, na jira ya huce, na zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, babanta yana riƙe da ita ina ba ta cokali-cokali har gari ya waye. Ta warware, amma tun ranar ban sake fita ba tare da shi ba. Ku haddace wannan awon. Zinki kuma ana ba da shi kwana 10 zuwa 14. In yaro ya daina fitsari, idonsa ya faɗa, ya kasa shan komai, ko aka ga jini a bayan gida, to ba maganar jira, asibiti kawai.

Na huɗu, masauki

A kama wuri ɗaya a zauna. Na san in mutum ya kashe kuɗi ya zo nesa yana so ya ga ko'ina, gari uku a kwana shida, amma da yara kowane canjin masauki yini guda yake ci, haɗa kaya, kwance kaya, sabon gado, yaro ya ƙi barci. Mu masauki ɗaya muke kamawa na aƙalla kwana 4, daga nan mu riƙa fita muna dawowa.

Gida mai kicin ya fi mana ɗakin otal nesa ba kusa ba, don a ƙaramin gari gidajen abinci suna rufewa da wuri, wasu ma ba sa buɗewa wasu ranaku, kuma yaron da yunwa ta kama ƙarfe shida na safe ba zai jira a buɗe ba. Kafin ku biya ku tura wa mai gidan saƙo da tambayoyi ƙarara: akwai gadon jariri, akwai firji, ruwan famfo ana sha, wuta tana ɗaukewa, baranda tana da kariya, matattakala fa, akwai rijiya ko tafki ko kududdufi a harabar, tagogi suna da raga? Ku ce ya turo hoto na yanzu. Mun taɓa isa wani gida da daddare muka tarar matattakalar benen babu abin dafawa ko ɗaya, a hotunan talla kuwa ba a nuna ta ba, kwana biyar ɗaya daga cikinmu yana gadin ƙasan bene. Yadda mai gida ke amsa saƙo ma yana gaya muku abu, wanda ya amsa da sauri da haƙuri shi ne zai ɗaga waya in kun kira shi da dare. In kuna karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, ku nemi na masu yara, kuma na watannin nan.

Ku tambaye shi lambar direban da ya yarda da shi, da inda asibiti yake, ku rubuta a takarda.

Na biyar, kaya

Kar a cika kaya, amma abin da ba za a samu a can ba a ɗauka isasshe: madarar gwangwanin da jariri ya saba da ita, famfas na kwanakin farko, abin taɓawa da yara suka sani. Tufafi na kwana 4 sun isa in za a yi wanki. Keken tura jariri a hanyar tsakuwa ko rairayi wahala ce kawai, abin goyo ya fi. Kujerar mota ta yaro kuwa in za ku yi hayar mota kar ku ɗauka za a samu, ku tambaya a rubuce ko ku tafi da taku.

Kafin ku bar gida ku sauke taswirar yankin a Google Maps yadda za ta yi aiki ba intanet, ku sauke yaren ƙasar a Google Translate shi ma, don a São Tomé misali Fotugisanci ake yi, a ƙauye ba lallai ku samu mai Turanci ko Faransanci ba. A tafi da kan caja mai shiga kowane irin soket, da tocila, da batirin cajin waya, shi kuma a jakar hannu yake tafiya ba a yarda da shi a akwatin ƙasan jirgi ba. Tsabar kuɗin ƙasar ma a riƙe, ƙanana-ƙanana, a raba gida biyu, don na'urar cire kuɗi tana iya zama ɗaya a garin kuma ta lalace. Kowane yaro a bar shi ya ɗauki abu ɗaya da yake barci da shi.

Na shida, ranar tafiya

Ku yi ƙoƙari ku isa da rana. Isa baƙon wuri cikin duhu da yara masu barci, ba fitilar titi, ba wanda za a tambaya, shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a duk tafiya. In jirgi zai sauka da dare ku kwana a babban gari, da safe ku ƙarasa. A jirgi ɗan ƙasa da shekara 2 yana iya zama a cinya, kuma dokar nan ta mililita 100 ta ruwa a jakar hannu ana ɗaga ƙafa ga madara da abincin jariri, sai dai a nuna wa masu bincike. Lokacin tashi da sauka a ba jariri nono ko kwalba, manyan a ba su abin tsotsa, haɗiyar tana rage ciwon kunne. Kayan canji ɗaya na kowane yaro a jakar hannu, da riga ɗaya taku. A mota a tsaya duk bayan awa 2, mai yawan amai a zaunar da shi inda zai riƙa kallon gaba, a karɓe waya daga hannunsa, leda kuma ta kasance kusa.

Na bakwai, zaman can

Ranar farko ba a zuwa ko'ina. A zagaya unguwa a ƙafa, a gano shago da kemis, a je a ga ƙofar asibitin da ido, a san lambar gaggawa ta ƙasar, a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce. Ni da na shiga masauki durƙusawa nake in kalli ɗakin daga tsayin autanmu, nan za ka ga wayar wuta a zube, maganin ɓera a bayan ƙofa, kwalbar sinadarin wanki a ƙasan wurin wanke-wanke.

Bayan nan abu ɗaya a yini. Da safe a fita tun da ƙarfinsu, a dawo a ci abinci a yi barcin rana, yamma kuma a bar ta a sake. Ƙaramin cikinsu shi ke yanke saurin tafiya, in ya gaji an gama. Kuma za ku ga abin da ya burge su ba shi ne abin da kuka biya kuɗi dominsa ba. Akwai ranar da muka shirya zuwa wani tsohon gini, a hanya yaran suka tsaya kallon wani dattijo yana ɗinke ragar kamun kifi, ya miƙa wa babbar 'yarmu allurar katakon ya nuna mata yadda ake ƙulli, ba mai jin yaren wani, awa ɗaya da rabi muna nan, ginin ba mu je ba, har yau kuma in an tambaye ta tafiyar wannan ƙullin take nunawa da yatsunta. Irin wannan a wurin da ba cunkoso kaɗai ake samu, don mutane suna da lokacinku, don haka ku bar masa gurbi a tsarinku.

Ku koya wa yara gaisuwa da na gode da yaren wurin, kalma uku sun isa, za ku ga yadda fuskoki ke sakewa. Ku koya musu kuma ba a ɗaukar hoton mutum sai an tambaye shi, ba a shiga gona ko harabar gida, nan gidan wasu ne ba wurin wasa ba. Ku lura da yadda mutanen wurin ke sa tufafi ku bi.

Ruwan sha in ba ku tabbatar ba a tafasa ya yi minti 1 yana tafasa, in kuna sama da mita 2,000 minti 3, ko a sayi na roba mai murfi a rufe, har na wanke baki, ƙanƙara ma a bar ta. Madarar jariri da ruwan da aka tafasa bai huce ƙasa da digiri 70 ba ake haɗawa, sannan a bari ta huce. Abinci a ci wanda aka dafa yanzu da zafinsa, a wurin da 'yan gari ke cika, 'ya'yan itace kuma waɗanda za ku ɓare da hannunku.

Ruwan wanka shi ne babban abin tsoro na. A irin waɗannan wurare ba mai gadin ruwa, ba tuta, ba allon gargaɗi, kuma yaro in yana nutsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya. Babba ɗaya aikinsa kallonsu kawai, ba waya, in ya gaji ya faɗa da baki cewa ya miƙa wa ɗayan. Ku tambayi 'yan gari inda 'ya'yansu ke shiga. Ruwan tafki da rafi a wurare masu zafi yana iya ɗauke da tsargiya, tafkin Malawi duk kyansa an san shi da ita, don haka a tambayi likita tun kafin a zo. Karnuka da kyanwoyi da birai kuma ba a taɓawa komai lafiyarsu a ido, ku ja wa yara kunne cewa in wata dabba ta cije su ko ta yakushe su su faɗa, ba za a yi musu faɗa ba, don yara suna ɓoyewa. In ya faru a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a tafi asibiti ranar saboda ciwon haukan kare, ba a jira a ga alama.

Kullum da safe ku ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, a sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayarku, a kuma gaya masa in bai gan ku ba ya tsaya inda yake ya nemi mace mai yara.

Na takwas, dawowa

A bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin dawowa da komawa makaranta, kuma daren ƙarshe a kwana kusa da filin jirgi ko tasha in hanyar tana da nisa, don motar ƙauye ba ta san lokacin jirginku ba. Maganin kariyar maleriya ba a dainawa ranar da aka iso gida, wani ana ci gaba da shi kwana 7, wani sati 4, a bi yadda likita ya rubuta. In wani yaro ya yi zazzaɓi a makonni ko watannin da suka biyo baya a kai shi asibiti da wuri, kuma tun kafin likita ya tambaya ku gaya masa ƙasar da kuka je, da yankin, da kwanakin, da ko yaron ya shiga ruwan tafki.